Daga bakina ya ji hukuncin

Laraba da dare, Agege

Yau ma na je kotu yin tafinta a shari'ar dattijon nan mai gadi, wanda ake zargi da haɗa baki da ɓarayin da suka fasa shagon ogansa a Oshodi. Ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci. Wata uku ke nan, duk abin da aka faɗa, daga bakina yake ji, shi ya sa ni yake kallo, ba alƙali ba.

Alƙali ya karanta hukunci, ya rufe fayil. Dattijon bai motsa ba, yana jirana. Na ce, "Baba, shekara bakwai ne."

Ya ce, "Ɗana, ai na yi maka bayani. Ba ka yarda ba ne?"

Kafin in buɗe baki, gandurobobi sun ja shi.

A motar danfo har gida ina ta tuna maganganunsa, ko akwai wadda na rage wajen fassara. Maman yara ta ajiye min tuwo, ban taɓa ba.

Wallahi na yarda da shi. Duk kotun nan shi kaɗai ya tambaye ni, shi ɗin ma ban ba shi amsa ba.