Ba Ni Kaɗai Na Gudu Ba Ranar da Jiragenku Suka Wuce

Zuwa ga Shugaban matuƙan jiragen yaƙin nan masu wasa a sama,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana raye, don shaidarka nake nema.

Ni mai ɗinkin jinka ne daga wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Lokacin da kuɗin mai suka fara zuba, kowa na sayen rediyo da kwanon rufi, mu masu ciyawa dama kasuwarmu ta fara ja baya. A wannan hali kuka ƙara mini da naku.

Na farko. Wani hantsi bayan girbi ina saman rumbun surukina, Alhaji Mamman, ina shirin ɗora jinka, sai jiragenku suka ɓullo ta wajen Mairuwa, ƙasa-ƙasa, ba sallama. Ƙarar ta zo ne bayan sun wuce, kamar an yage sama. Rumbun na ƙasa ne, bakinsa a sama yake, a buɗe, ni kuwa ina tsaye a gefensa. Na shiga. Har gobe ina cewa dabara ce, domin duk garin babu wanda ya samu mafaka mai kaurin tawa.

Na biyu. Shiga ta yi sauƙi, fita ta gagara. Dawar ba ta kai rabi ba, tsani kuma ya faɗi. Kafin a zaro ni da igiya gari ya dawo hayyacinsa, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya zo kallo, har da surukata. Iro wanzami ne ya fara kirana Na-Rumbu, kuma duk kan da ya aske daga nan har kasuwar Yankara sai da ya zuba masa labarin, yana ƙara gishiri. A bakinsa, shi yana tsaye ƙyam yana ɗaga muku hula.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. An ce kun dawo kun yi alkafura, kun jera kamar balbelu, kun zana hayaƙi kore da fari. Tsofaffinmu har yau suna zancen kyansa. Ni duhu da ƙaiƙayi na gani.

Ranka ya daɗe, na tsufa. Sunan bai tsaya kaina ba, jikokina ma 'yan gidan Na-Rumbu ake ce musu a makaranta, kuma abin yana sosa mini zuciya ƙwarai. Ba na son a rufe ni da shi. Duk wanda ke ƙasa ran nan ta kansa yake yi, kai kaɗai ka ga garin gaba ɗaya daga sama.

Don haka ina roƙo, ba diyya ba. Ka rubuto wa mai garinmu abin da idonka ya gani, a karanta a ƙofar masallaci Iro yana zaune. Ka faɗi wanda ya gudu da inda ya nufa. Musamman ka yi bayanin akurkin kajin surukata, wanda aka tarar a rushe da yamma, da aska a ciki.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka ƙwaƙwalwa daga mantuwa.

Wassalam.

Malam Sale Mai Jinka