Na Fasa Tukunyar Ammi Salihu

Daren Talata, Sha'aban 1385, unguwar Tandabawi, Makka

Yau na fasa tukunyar dutsen Ammi Salihu, maƙwabcinmu mutumin Yaman. Ni da hannuna, ba aljani ba.

Tun da matata Hauwa ta haihu Goggo ke cewa jego babu gadon wuta ba jego ba ne, sanyi zai shige ta. Ina zan samo gadon wuta a Makka? Sai na aro tukunyar nan. Dutsenta mai laushi ne, in ya sha wutar itace yana riƙe zafi har asuba. Mukan naɗe ta da tsumma mu ajiye a ƙafafun Hauwa.

Ɗazu tsumman ya fara hayaƙi. Ni kuwa, sarkin dabara, na kwara mata ruwan tulu. Tas! Ta rabe biyu.

Goggo ta ce, "Sannu da aiki, ya muhandis, babban injiniya."

Yanzu Hauwa na rawar sanyi cikin babbar rigata, jaririn na ta atishawa.

Gobe bayan sallar asuba dole in ƙwanƙwasa ƙofar Ammi Salihu. Da kuɗi za su biya, da da sauƙi. Tukunyar ta marigayiya mahaifiyarsa ce, a kanta ta ɗauko ta tun daga Yaman.