Yatsu Biyu a Kan Teburin Shayi

Guangzhou, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Sau-Ying,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ki gaida mini mai gidan.

Yaya, hankalina a tashe yake. Jiya 'yata Yuk-Sim ta kawo mutumin da take so, Gao Lixin, ɗan Harbin can arewacin ƙasa, muka je gidan shayinmu na kullum. Wai bai taɓa cin dim sum ba, 'yan kayan maƙulashen nan namu da ake ci da shayi. Da farko na yarda, don ruwan zafin da muke ɗauraye kofuna da shi ya ɗauka ya kurɓa. Da mai keken abinci ta zo, ya nuna kwando a makance, sai ga ƙafar kaza. Ya cinye yana gumi, har ya ce da daɗi. Curin jatan lande kuwa ya ci kwando biyu, wannan kam ba ƙarya.

Amma da na zuba masa shayi, sai ya ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu don godiya. Biyu fa, Yaya! Kin san yadda Mama ta koya mana: marar aure yatsa ɗaya, mai aure biyu. Wa ya koya wa baƙo wannan? Biri ya yi kama da mutum. Ni dai na ce yana da mata a arewa. Na faɗa wa Yuk-Sim, ta ce, "Haba Mama, ke komai sai kin tono? Kwaikwayo kawai yake." Ba zan ba da 'yata ga mijin wata ba. Lahadi zan sa masa ido.

Ƙanwarki,
Wai-Lan

Guangzhou, ranar Lahadi

Yayata,

Ina fatan kin tashi lafiya. Ni dai da sauƙi.

Mun koma. Ko wainar gwaza ban ji daɗinta ba, shi nake kallo. Gaskiyar yarinyar ce, kwaikwayo yake, amma ba ya duban teburin kowa sai hannunta. Ta karkata murfin butar shayi don a ƙaro ruwa, ya lura. Ta ɗauki kwando, ya ɗauki irinsa. To, yatsu biyun a hannun wa ya gani?

Na bari sai da bakinta ya cika, tana dariya, na zuba mata shayi. Ba ta ko kalle ni ba, hannun ya tafi da kansa. Yatsu biyu.

Na ce, "Yuk-Sim, tun yaushe?"

Ta yi fari fat. Ashe tun bazara suka je ofis aka ɗaura musu aure, don tsoron zan ƙi ɗan arewa. Shi kuma ya miƙe yana ta sunkuyawa, har ya kifar da kwandon ƙafar kaza.

Ina can ina neman matarsa a Harbin, ashe tana gefena tana cin wainata. Ya yi mini ciwo, Yaya, na yi kuka a gaban mutane. Da gaske haka nake da ban tsoro?

Na ce sai sun durƙusa sun miƙa mini shayi kamar yadda ango da amarya ke yi wa iyaye, kuma a gabanki. Ki zo ko da sanda ne. Ban yafe ba tukuna, amma na fito da butar shayin Mama na wanke don ranar.

Taki,
Wai-Lan