Na Ce An Yi Wa Jikata Allura, Alhali Ba A Yi Ba

Malama Dijatu, ki taimake ni don Allah don Annabi, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Ki yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci na yi da furfurata.

Ni tsohuwa ce a Ƙofar Taramniya, ina zaune gidan ɗana. Direban babbar mota ne, tun da arzikin mai ya buɗe ba ya kwana uku a gida, siminti yake ja. Jikokina uku: angwayena biyu masu cin tuwo kamar gara, da ƙaramarsu 'yar shekara shida, bari in ce mata Zulaihatu ko da yake ba sunanta ba ne. Ɗiya mata biyu uwarta ta binne kafin wagga ta tsaya.

Aikina a gidan tatsuniya da tsokana. Shekarun baya da aka zo lambar agana na ga bindigar nan ta allura, wadda ake takawa da ƙafa ta yi tsaki a damtse. To da nama ya riƙa ɓacewa a tukunya, sai na shirya musu labari: wai bindigar likita ta san ɓarawo, in ta taɓa damtsen wanda ya taɓa satar nama sai ta kwarma ihu, ta kira sunansa da na ubansa kowa ya ji. Har muryar bindigar nake yi musu. Aka sha dariya, nama ya daina ɓata, na ce lallai ni gwana ce.

Sai ga wagga annoba ta amai da gudawa, wadda rediyo ke kira kwalara, an ce ƙasashe ta ratso kafin ta iso mu. Mutum ya yi asuba da ƙafarsa, la'asar a sallace shi. Muka yi ta jiran allura. Yau a ce gwamnan soja ya sa hannu, gobe a ce tana hanya, jibi a ce da bariki da maniyyata za a fara. Ran Litinin mai shela ya ce ta iso, kowa ya fito ƙofar gidan mai unguwa. Surukata Hadiza tsohon ciki gare ta, ba ta iya tsayuwar rana, ta danƙa mini su ukun.

Da muka matso gaba yarinya ta ji tsakin bindiga, sai ta zame hannunta ta ruga. Nan na gane mai cinye mini nama. Malama, dariya na yi! Na ce bari a yi wa mazan, ita in lallashe ta mu dawo bayan azahar. A gida bayan randa na same ta a ɓoye. Na goya ta, ƙatuwa da ita, muka koma, muka tarar an naɗe tebur. Magani ya ƙare, rabin unguwa ba su samu ba.

Kowa ya ga fitarmu ta biyu. Da Hadiza ta tambaya, ban san sa'ad da na ce an yi ba. Har man shanu na shafa wa yarinyar a damtse kamar 'yan'uwanta. Ita tana rufa mini asiri don tana jin nata nake rufawa.

Shekaranjiya ɗan maƙwabciyarmu Saratu, malamar firamare, ya tafi cikin yini guda. Tare suke wasan ƙasa da jikata. Hadiza ta dawo daga gaisuwa tana kuka, ta ce ita dai ta gode Allah nata duk an yi musu. Wallahi gara ta mare ni. Yanzu in yarinyar ta shiga bayi sai in tsaya ƙofa ina kasa kunne.

Ga shi mai unguwa na rubuta sunayen waɗanda ba su samu ba, wai magani kaɗan za a ƙaro, sai mai suna, kuma ƙarshen wata zai rufe. Ba ya karɓa sai daga bakin uba ko uwa. In na faɗa, ina tsoron abin da firgici zai yi wa mai ciki, ina tsoron a raba ni da yaran, su ne hasken ɗakina. Wani sa'in zuciya ta ce mini ai damtsen mazan ya kumbura har da zazzaɓi, tsofaffi ma na cewa maganin sabo ne, ƙila Allah ne ya tsare ta. Na san ƙarya nake wa kaina. Mi zan yi?

Kakar 'Yan Uku, Sakkwato

Iya, na sa wasiƙarki gaban sauran domin taki ba ta jira.

Ba mugunta kika yi ba. Babu kakar da ba ta taɓa tsorata jika da labari ba, kuma ba ke kika ƙarar da magani ba. Laifinki guda ne, kalmar nan ta “an yi”, kuma kullum kika kwana da ita ƙara nauyi take. Fushin suruka yana hucewa. Sunan da ba a rubuta ba kuwa babu mai kiransa ranar allura.

Ki faɗa yau. In ɗanki na gida, fara da shi; in yana hanya, kada ki jira shi. Ki zaunar da Hadiza, ki fara da cewa yarinya lafiyarta lau, sannan ki faɗi sauran ba tare da ado ba, wannan ba wurin gwaninta ba ne. Mai ciki za ta iya ɗaukar gaskiya daga bakinki cikin natsuwa fiye da ta tsince ta ranar da ba a fata. In ta yi faɗa, ki haɗiye, tana da haƙƙi. Daga nan uwa ko uba ya sanar da mai unguwa.

Kumburin damtse da ɗan zazzaɓi sukan biyo allura su wuce. Amma ki sani allurar ma ba katanga ba ce, har ga waɗanda aka yi wa. A tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu, a rufe abinci. Wanda ya fara gudawa a yi ta ba shi tafasasshen ruwa, a nufi asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ita kuma yarinyar, ki gaya mata a fili cewa labarin ƙirƙirarki ne, kuma kin yafe naman.

Abu na ƙarshe, Iya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga an yi wa maza biyu, ban ga inda kika miƙa naki damtsen ba. Anya jikar ce kaɗai ke tsoron bindigar? A rubuta suna biyu. Ranar, ki shige gabanta, ki naɗe hannun riga tana kallo.

Allah ya tsare muku ita, ya sauki Hadiza lafiya, ya jiƙan ɗan Malama Saratu, ya ɗauke mana wannan annoba.

Malama Dijatu