Banɗaki a Ɗakin Randunanki

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, da fatan Allah ya kai haske makwancinki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma tunda an gama yawo da zancena daga ƙofar gidanmu har kasuwar Zakirai, gara ki ji daga bakina, masu leƙen wasiƙar mutane kuma su karanta su huta.

Inna, na fasa ɗakin randunanki. Banɗaki na gina a ciki.

Kin san shi da turakar Baba tare suka nutse. Kowace shekara ana cika tsakar gida da ƙasa saboda ruwan damina, su kuwa tsofaffin ɗakunan nan biyu aka bar su a ƙasa, har sai mutum ya gangara kafin ya shiga. Kina cewa shi ya sa ruwanki ya fi na kowa sanyi. To na sa an huda bangon da ke tsakaninsu, an yi ƙofa.

Ga dalili. Tun bayan rasuwarki gwiwoyin Baba suka ƙi. Masai kuwa yana nan inda kakanni suka haƙa shi, can ƙarshen gida bayan turken awaki, sai an hau tudu an ratsa ta gaban matan gida. Sai Baba ya daina shan ruwa. Fura ta shiga, ta fito yadda take. Koko ya huce a kwano. Mutanen gida suka ce Malam ya ƙara gudun duniya, har ana ba da misali da shi. Ni da nake zuwa daga Kano ƙarshen mako na lura gudun duniyar nan bai shafi tuwo ba, abin sha kaɗai ya shafa. Da na kai shi asibiti, likita ya ce ƙodarsa ruwa take nema, in ba haka ba za a ji babu daɗi.

Maganarki ce ta faɗo mini: tsoho ba ya cewa ya gaza, sai dai ya ce ba ya so.

Ban tambaye shi ba. Ta yaya 'ya za ta zauna gaban ubanta, malami, ta ɗauko masa zancen bayan gida? Na dai ce masa zan yi gyara a ɗakinki. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ƙaninsa Baffa Sule ne ya yi magana, har ya yi ta mutum biyu. Wai gidan malamai ne, ba a kawo najasa kusa da littattafai. Wai 'ya mace da ke zaune gidan wani ba ta zuwa ta huda bangon gidan ubanta. Wai abin da ake gudu ke nan tun ranar da kika dage sai na tafi jami'a. Na durƙusa na saurara, kamar yadda kika koya mini. Ban tuna masa ba cewa gidan ɗansa na Ungogo kowane ɗaki da banɗakinsa, kuma in ya je duba jikoki sai an yi da gaske yake dawowa. Washegari na kawo siminti.

Ɗakin da ya nutse yana da tasa rigimar, don ruwa ba ya hawa tudu. Dole aka haƙa hanyar bututu ta ƙarƙashin katanga, aka yi rami mai zurfi a gonar bayan gida. Kunyar kuɓewar Baffa guda ta tafi a ciki. Na aika masa da kwandon kuɓewa da gaisuwar ban haƙuri. Na ji an yi miya da ita, amma ba a amsa gaisuwar ba.

Sai mai aikin famfo, wanda na ɗauko daga birni, ya kafa masan tangaran, irin na zama, inda bututu ya fi masa sauƙi. Ashe gabas ya fuskantar da shi, sak alƙibla. Ni ma ina tsaye ban gani ba. Baffa ya gani. Bai taɓa sa ƙafa a ɗakinki ba sai ranar, ya kuma zo da shaidu daga zaure, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce a cire komai a toshe ƙofar.

Inna, a nan na ji ƙarar sanda. Baba ne ya fito ta sabuwar ƙofar, yana dafa bango. Ya dubi masan, ya dubi ƙaninsa, ya ce in a cikin gini ne, malamai sun sauƙaƙa kan fuskantar alƙibla, Sule, ka koma ka duba. Sannan ya sa bakin sandarsa ya ja layi a ƙasa. Ya ce wa mai aikin tunda simintin bai bushe ba, a juya shi kudu, kuma a kafa ƙarfe a bango nan, inda hannu zai kama.

Bai dube ni ba. Ni ma na sunkuyar da kai ina duban layin. Da ke ce, na san bakin mayafi za ki ja ki rufe dariya.

Har yanzu Baffa ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Matan gida suna cewa idona ya buɗe da yawa. Su faɗa. Ba zan ba kowa haƙuri a kan bangon nan ba, kuma in aka sake, bangon ɗakin Goggo, 'yar'uwar Baba, ne na gaba.

Randunanki ba su fashe ba. Ƙananan na raba wa maƙwabta sadaka, ladan ya iske ki. Babbar, mai tsaga a baki, na ajiye ta a turakar Baba kusa da buzunsa, da moɗarki a kai. Jiya da hantsi ina shara na ji ya buɗe ta. Ya sha, ya ƙara, sannan ya ce wa bango, ba ni ba, ruwan Hajara har yanzu da sanyinsa.

Ban taɓa jin ya kama sunanki ba sai jiya.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki, ya shayar da ke daga ruwan Alkausara. Ya bar mana Baba da lafiyarsa da mutuncinsa. Baffa kuma Allah ya huci zuciyarsa, ya ba shi gwiwoyi masu ƙwari.

Taki har kullum,
Rakiya