Zayyanar Malam a Jikin Roka

Unguwar Madabo,
Birnin Kano.
Watan Shawwal, 1399.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kare ka daga sanyin Amurka da abincinsu, Ya ba ka sa'ar karatun injin da ya raba ka da mu. Mu nan mun sha ruwa lafiya, mun yi salla lafiya. Gwaggo Larai ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma suyar ƙosai. Husaina ta haihu, namiji, kansa irin naka ne sak, Allah Ya ba uwarsa haƙuri. Damina ta yi albarka har ta so ta yi yawa, katangar bayan gida ta zube gefe guda. A gari kuwa ba a zancen komai sai zaɓen da aka gama, an ce kwanan nan soja za su miƙa mulki su koma bariki. Da ajami na rubuto maka, kada ka ce ka manta shi, don ba na so in kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa maganar gidanmu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kakanmu Malam. Idonsa ya yi nisa, Yaya. Na hagu ya rufe ruf, na dama ma saura ɗan haske, likita ya duba ya ce ba abin da wuƙa za ta gyara. Tun kafin azumi ya daina karɓar allunan masu sauka. Duk wanda ya kawo allo a yi masa zayyana sai ya tura shi Yakasai, shi da a da ake bin layi a zaurensa. Yini yake a zaune wuri ɗaya. Na ɓoye masa carbi, bai nema ba. Na zuba masa gishiri a koko, ya shanye ya ajiye ƙwarya, ko sandar nan bai ɗaga mini ba. Daga ranar na bar tsokanarsa, don ba daɗi. Kuma ka sani har yau bai huce da kai ba, tun da ka ajiye allo kana gab da sauka ka bi boko. In aka karanta wasiƙarka a tsakar gida, butarsa yake ɗauka ya fita.

Ana cikin haka abokinka Aminu ya zo hutu ya kawo kwalin da ka aiko mini. Da na buɗe na zaci raina mini wayo ka yi: bututun kwali, da ɗan katako marar nauyi kamar totuwa, da hular roba mai tsini, da 'yar lema a naɗe, da wasu gaɓoɓi kamar na rake waɗanda Aminu ya ce albarushi ne a ciki, in nisanta su da murhun Gwaggo. Ya ce roka ce ta 'yan koyo, in aka haɗa ta daidai za ta tashi sama, lemar ta buɗe, ta sauko lafiya a sake harba ta. Takardar da ke ciki Turanci ce, amma hotunan sun ishe ni. Na yanke fikafikan daga katakon, na goge bakinsu har suka yi sumul, na ɗaura lemar a jikin hular. Abu biyu ne babu a kwalin: abin liƙi da fenti.

Nan dabara ta faɗo mini. Na ɗauki bututun na je zaure na zauna kusa da Malam, na jawo kurtun tawadarsa da ƙara don ya ji, na riƙa magana ni kaɗai. Na ce zayyana zan yi wa abin nan, kuma tunda masu gidan sun tsufa, daga tsakiya zan fara, ba ruwana da jan layin gefe, ja zan sa kusa da ja, kore in kwaɓa shi da yawu. Ban kai ga tsoma alƙalami ba na ji sanda a gadon bayana. Wallahi ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba. Ya ce in miƙo, ɗan banza mai hannun awaki. Ya shafa bututun daga kai har gindi, ya tambaye ni wa ya aiko. Na faɗa masa. Na ɗauka zai jefo mini shi, sai ya ce in fere masa alƙalami siriri, in fitar masa da tabarma bakin ƙofa inda haske ya fi.

Kwanaki ya yi yana aikin nan da hantsi, hancinsa na kusan taɓa kwalin, idon dama na zubar da ruwa. Ni ke juya masa bututun a kan sanda, ni ke gaya masa kalar da ke kowane kurtu. Ya ce ba zai sa aya ko ɗaya ba a jikin abin da za a kunna wa wuta a gindi, zane kaɗai. Yaya, na girma a zauren nan, amma ban taɓa ganin wannan zanen a allon kowa ba. Wani ƙulli ne da ya zagaye bututun, ja da rawaya da baƙi, in ka bi layi ɗaya da ido sai ya dawo da kai inda ka fara ba tare da ya yanke ba. Maƙwabta suka riƙa leƙowa. Har raha Malam ya yi da Gwaggo, ya ce in farar hula sun karɓi mulki shi za su ba ministan jiragen sama.

Wajen liƙa fikafikai aka samu matsala. Tanko mai gyaran rediyo, wanda ya yi alkawarin kawo batir, ya ce a sayo gam irin na kafintoci. Malam ya ce a gidansa ba a liƙi da abin da bai san asalinsa ba, ƙaro ya riƙe masa tawada da bangon littattafai tun kafin a haifi uban Tanko. Shi ya jiƙa ƙaron da kansa, ya dama shi da kauri, na danna fikafikan. Da suka bushe na ja su na ji gam-gam, ni ma na yarda. Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa damina muke, ga shi ko wasiƙa aka liƙe da ƙaro, in ta kwana a ɗaki mai laima buɗewa take.

Ranar da za a harba an yi ruwa da safe, gari ya yi lumshi. Malam ba ya iya tafiya mai nisa, don haka muka tsaya a filin nan na bayan unguwa, gefen kududdufi. Aka shimfiɗa masa buzu. Tanko ya kafa ƙarfen da rokar ke hawa, ya ja waya ya haɗa ta da batir da maɓallin kunnawa, ya kori yara baya. Na ce Malam ya danna, ya ce shi dai a juya fuskarsa inda za ta bi. Na yi bisimilla na danna. Ta yi wani huci ta bar ƙarfen da hayaƙi, ta wuce tsayin dabino, sai na ga fiffike ɗaya ya rabu da ita yana lilo, wani ya bi shi. Ta juya tana wulwulawa kamar kazar da aka yanka, ta yi gefe, ta faɗa tsakiyar kududdufi, lemar ma a cikin ruwa ta fito. Yara suna ta ihu, Malam ya ɗauka na murna ne. Ya kama rigata yana tambaya ko ta yi sama sosai, wai shi ya ga wani haske. Ni da nake shara ƙarya tun safe har dare don nishaɗi, ranar na kasa yi masa ko guda ɗaya. Na tuɓe riga na shiga ruwan.

Kafin in kai gare ta kwalin ya jiƙe ya saki. Tawada kuwa ka san ta da ruwa. Ja da rawaya da baƙi duk suka bi hannuna, abin da na fito da shi bai fi tsumma ba. Na so in ɓoye, ya ce in ba shi. Ya shafa, ya kai hanci ya sunsuna, ya goge yatsunsa a buzu, ya ce a kai shi gida. Bai zage ni ba, bai zagi Tanko ba, bai ce komai a kan ƙaro ba.

Tun daga ranar idon dama ya ƙara dushewa, Gwaggo ta ce aikin ne ya ƙarasa shi, yanzu rana ma sai ya ji zafinta yake sanin ta fito. Ita ya gaya wa abin da bai gaya mini ba. Ya ce zanen nan shi ya ƙirƙire shi tun kana yaro, ya ajiye shi don allon saukarka, ya hana manyan mutane da suka nemi sabon zane. Niyyarsa in rokar ta sauko lafiya a ba Aminu ya kai maka, tunda shi ba zai iya rubuta maka komai ba. Na ce to ya karanta mini da baki in zana a allo. Mun gwada, yana faɗa ina ja, layin ya ɓace mini tun a ƙulli na biyu. Ya bi sawun tawadar da yatsa, ya ture allon, ya ce in tashi in koma tsokanata, hannu ɗaya ne a gidan nan da zai iya ɗaukar zanen daga baki, shi kuma yana bayan teku.

To ka ji, Yaya. Sauran gaɓoɓin albarushin suna nan na adana, amma kada ka aiko da wani kwali, babu mai yi masa ado. Kai nake so ka zo, ko hutu ne, ko sati ɗaya ne. Zanen yana kansa har yanzu, ina jin sa yana jan shi da yatsa a kan tabarma, amma cin abincinsa ya ragu, jiya ma ya kira ni da sunan mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa. Ba zai ce ka zo ba, ka san halinsa. Ya dai sa na wanke allonka na ajiye masa kusa da buzu.

Gwaggo Larai tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Husaina da maigidanta da jariri suna gaisuwa, haka Tanko da Baba Ado maƙwabci. Na ce da Malam ko in sa gaisuwarsa, ya ce in sa abin da na ga dama, don haka na sa. Allah Ya sada mu da alheri, Ya sa ka tarar da shi.

Ni ne ƙaninka,
Isyaku.