Sulusin Fanshon Baba

Kazaure,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Jalaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rahamatu da yara. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ku, ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. A gida Roni an yanke gero, dawa ma ta kusa, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana zagayawa gidan maƙwabta. Idon Baba dai yana nan yadda ka bar shi, likita ya ce sai sukarinsa ya sauka za a yi aikin.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, don bakina ba zai iya faɗin wannan magana ba. Yaya, mun zalunci ƙanenmu Musaddiƙ. Bai taɓa ko sisin Baba ba.

Ni na fara tayar da maganar, don haka ni ya kamata in warware ta. Ka tuna ranar da Malam Sama'ilu, wanda suka yi ritaya tare da Baba a mataki ɗaya, ya zo duba shi, ya faɗi abin da yake karɓa na fansho a cikin hira. Da na kwatanta da abin da Musaddiƙ ke kawowa tun da aka ba shi katin banki saboda idon Baba, sai na ga sulusi guda babu shi. Ga shi a watan ne ya sayi babur. Ban yi bincike ba na kira ka, kai kuma ka aiko da saƙon murya a zauren dangi na waya, kowa ya ji ka kira shi ɓarawon mahaifinsa. Ya rantse da Allah cewa abin da ya tarar shi yake cirowa, kuma babur ɗin da kuɗin ɗinkin Sallah ya saya, ba wanda ya saurare shi. Ya ajiye katin a gaban Inna, ya kwashe matarsa Bahijja da jaririyarsu, ya kama ɗaki ɗaya a nan Kazaure. Duk wannan Baba yana zaune a tabarmarsa yana ji, bai ce uffan ba. Mu muka ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana.

Da wata ya ƙare sai na je da kaina na ciro kuɗin, na tarar da gibin nan yana nan, alhali kati yana hannuna. Na je banki, suka ce ba za su nuna mini komai ba sai da mai asusun. Sau biyu ina roƙon Baba mu je yana cewa jikinsa ba daɗi. A na uku Inna ta yafa mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce in bai tashi ba ita za ta tafi ta zauna a bankin har sai an gaya mata wanda ya raba ta da ɗanta. Sannan ya tashi.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta duba kwamfuta, ta shiga ciki ta fito da wata takarda da ta fara ja don tsufa. Ta ce ai ba kuskure ba ne, umarni ne mai asusun ya bayar da kansa shekara bakwai da suka wuce, cewa duk wata da zarar fansho ya shigo a cire sulusi a tura asusun kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, a rubuta shi a matsayin haraji. Har ta ƙara da cewa ita a saninta ba a karɓar haraji a kuɗin fansho, kuma tun da take aiki ba ta taɓa ganin wanda ya nemi a cire masa da kansa ba. Na karɓi takardar. Yaya, rubutun Baba ne, da sa hannunsa mai doguwar jela da yake yi mana a katin sakamakon makaranta. Na juya na dube shi, ya sunkuyar da kai yana murza carbinsa. Muka shiga mota muka koma Roni.

Bayan la'asar Baba ya kira ni da Inna, ya ce a rufe ƙofar zaure. Ya ce lokacin da yake yankar rasit a kasuwar shanu, littafi biyu yake riƙewa, ɗaya na hukuma, ɗaya kuma shi ya bugo abinsa a Kano. Duk abin da ya yanka a na biyun aljihunsa yake shiga, kuma shekara takwas ya yi a haka. Ya ce da kuɗin ya yi wa gidanmu rufin kwano, da su ya biya maka karatun jami'a, da su ya yi mini kayan ɗaki. Da ya yi ritaya abin ya hana shi sakat, ya je wurin wani malami a Babura inda ba a san shi ba, malamin ya ce masa tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙi inda aka ɗauko shi. Shi kuma ba zai iya zuwa ofis ya ce ga abin da na sata ba, shi ne ya ɓoye shi da sunan haraji.

Ka yi haƙuri da na rubuta maka maganar karatunka haka tsirara. Na yi ta tunanin in tsallake ta, amma ni ma tun ranar ba na iya duban gadon da nake kwana a kai. Baban da ya taɓa mayar da ni shago a ƙafa saboda canjin da ya wuce ƙa'ida! Har yanzu in na tashi da safe sai in ga kamar wani aka ba ni labarinsa.

Inna ba ta yi kuka a kan kuɗin ba. Abu ɗaya ta tambaye shi, ta ce ya aka yi ya zauna kwana ashirin da uku yana jin ana kiran ɗansa ɓarawo. Ya ce kullum da asuba yana ƙudurta yau zai faɗa, in gari ya waye sai harshensa ya yi nauyi, yana ganin ƙila maganar ta mutu da kanta. Ya ce ya fi jin kunyar wannan fiye da ta littafin rasit. Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Tana kai masa abinci da magani a kan lokaci, amma hira ta ɗauke tsakaninsu.

Washegari na sami Musaddiƙ a shagonsa yana kan keken ɗinki. Na durƙusa a gaban mutane na roƙe shi gafara, sannan na ja shi gefe na gaya masa komai. Na zaci zai yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi jin sauƙi. Sai kawai ya tambaya ko Baba ya ci abinci. Ranar Juma'a ya je Roni ya gaishe shi. Baba ya kama hannunsa yana kuka yana neman yafiya, Musaddiƙ ya ce ya yafe duniya da lahira. Amma da Inna ta miƙa masa katin ya ƙi karɓa, kuma bai ce ga ranar da zai dawo gida ba.

Yanzu abu biyu ke gabanmu. Baba ya roƙe mu kada mu dakatar da cirewar, ya ce a lissafinsa saura kamar shekara huɗu, in kuma ta Allah ta kasance kafin nan, mu cika masa kafin a raba komai nasa. Ga maganin sukari da aikin ido suna jiran kuɗi. Musaddiƙ ya ce a bar wa Baba abinsa, shi zai ɗauki maganin. Ni zan ɗauki abin da zan iya na aikin ido, ina jiran in ji naka ra'ayin. Na biyun shi ya fi damuna. Kawu da sauran dangi har yau abin da suka ji a saƙonka shi suka riƙe, Bahijja ko suna ba ta iya zuwa. Dole a wanke Musaddiƙ a inda aka ɓata shi, amma ban san yadda za mu yi ba tare da mun tona Baba ba. Kai ne babba. Ka kira shi tukuna, in bai ɗauka ba ka sake kira.

Ka gaida Anti Rahamatu, da Halimatussa'adiyya, da Muhammad sarkin rigima. Maigidana yana gaishe ka, Inna ma ta ce in gaishe ku da kyau. Baba ya san ina rubuto maka, ya ce kada in rage komai, sai dai yana roƙon in ka karanta kada ka daina kiransa. Musaddiƙ bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙara yi masa ƙarya ba.

Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Taka ƙanwa,
Khairiyya Muhammadu Lawal